Gwaggo Dudu da Buhun Gyaɗar Sulhu

Ko da gudu ka faɗa gidan Gwaggo Dudu kana ihun an kashe ka, ba za ta ce maka sannu ba, ba kuma za ta tambaye ka wa ya kashe ka ba. Sai ta gama goge man gyaɗar hannunta a gefen zani, ta ɗago ta dube ka ta saman tabaraunta mai ƙafa ɗaya, sannan ta ce, "Ta hannu ce, ta kai ce, ko ta zuci?"

Ku da kuka san ta, na san yanzu haka muryarta na yi muku amo a kunne. Waɗanda ba su riske ta da ƙarfinta ba, su zan yi wa bayani. Gwaggo Dudu ƙanwar mahaifinmu ce. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi a nan cikin ganuwa tun kafin a haife ni. Ba mai unguwa ba ce, ba ta gaji sarauta ba, ba ta taɓa zama a aji ba. Amma duk rigimar da ta gagari mutane a lungunmu da lungunan maƙwabta, ƙofarta take ƙarewa.

Ni Balaraba, kun san ba na kwana-kwana. Sai da na haura arba'in na fara riƙe biro, don haka ba ni da lokacin ɓata tawada wajen yabon ƙarya. Allah Ya jiƙan Gwaggo, amma matar nan ta ba ni wahala. Ta ba mu wahala gaba ɗaya. Na ce bari in rubuta tun ina tunawa, kafin jikoki su mayar da ita waliyiya.

A wurinta rigima iri uku ce, kuma ba ta sa baki sai ta gane wace ce a gabanta. Ta hannu ita ce wadda ake jan wani abu da hannu zai iya taɓawa: fili, akuya, tukunya. Maganinta wata tsohuwar igiyar guga da ba ta rabuwa da ita, kullum tana nannaɗe cikin jakarta. Ta kai ita ce wannan ya ce kaza ne ya faru, wancan ya ce ƙarya ne. Maganinta takalmi, wato kowa ya sa nasa a je a gani da ido. Ta zuci kuwa, hmm! Za mu zo kanta. Yatsuna har yau ba su yafe ba.

Kun tuna shekarar da matan lungunmu suka yi watanda ana jajibirin ƙaramar Sallah? An haɗu an sayi sa, an yanka, an kasa nama lafiya lau, sai tozo ya rage. Hajiya Ladi ta ce nata ne, don ita ta nemo mahauci. Uwani mai koko ta ce nata ne, don a ƙofar gidanta aka yanka, ita za ta sha wanke jini. Nan da nan aka bar maganar tozo aka fara ambato kakanni. Aka aika aka kira Gwaggo.

Ta zo a hankali kamar wadda za ta je biki. Ta dubi tozo, ta dubi matan.

"Ladi, kin taɓa faɗa da Uwani kafin yau?"

"Ban taɓa ba, Gwaggo."

"Uwani, in na ɗauki tozon nan duka na ba ki, akwai sauran abin da ke cin ranki game da Ladi?"

"Babu komai, Gwaggo. Tozo dai."

"Alhamdulillahi, ta hannu ce. Wannan mai sauƙi."

Ta miƙa wa Hajiya Ladi wuƙa da igiya. "Ke ki yanka biyu. Uwani ta fara zaɓa."

"Ni in yanka, ita ta zaɓa? Haba Gwaggo!"

"To ba ta wuƙar, ke ki zaɓa."

Hajiya Ladi ta yi tunani, ta riƙe wuƙarta. Jama'a, ban taɓa ganin mace ta yi gumi a kan nama kamar ranar ba. Ta auna da igiya, ta yanka. Ta ga wannan ɓangaren ya ɗan fi, ta san shi Uwani za ta ɗauka, ta rage. Sai wancan ya fi, ta rage shi. Duk abin da ta rage, Gwaggo na tsaye da kwano tana tarewa. Da aka gama, kashi biyun sun yi daidai kamar tagwaye, amma kowanne bai fi dunƙulen hannu ba. Abin da ke kwanon Gwaggo ya fi su biyun a haɗe.

Uwani ta ce, "Gwaggo, wancan na kwanon fa?"

"Wannan na igiya ne. Ke kin zaci iska take sha?"

Ta rufe kwanonta ta tafi. Ranar Sallah ta aika wa kowaccensu ƙuli-ƙuli biyu-biyu, wai barka da shan ruwa. Ladi da Uwani kuwa sun zama aminai daga ranar, don sun samu wadda za su riƙa zagi tare.

Sai ta Malam Iro, tsohon malamin firamare, da Ɗanladi tela. Katangar ƙasa da ta raba gidajensu ta fara zaizayewa daga gindi. Malam Iro ya ce indararon Ɗanladi ne ke zuba a wurin, Ɗanladi ya ce na Malam ne. Kuma rani ake, babu ruwan sama da zai ba da shaida. Malam Iro ya zo wa Gwaggo da takarda, ya zana taswirar gidajen har da kibiyoyi masu nuna inda ruwa ke bi.

Ta juya takardar sama ta juya ta ƙasa, ta ce, "Iro, wannan kibiyar taka tana jiƙa katanga? Ta kai ce. Ku sa takalma."

Ta sa kowannensu ya hau saman ɗakinsa da bokiti cike da ruwa. Malam Iro da ciwon bayansa yana hawa tsani yana salati. Ya zuba, ruwa ya bi indararo ya gangara titi, ko kusa da katanga bai je ba. Ɗanladi ya zuba, nasa ma ya yi wata hanya. Ana nan tsaye, sai matar da ke taya Gwaggo aiki ta zubar da ruwan wankin turmi a cikin gida. Ruwa ya biyo kwatar gidan Gwaggo, ya ratso lungu a gaban idon kowa, ya je ya kwanta a gindin katangar nan kamar wanda ya saba.

Kowa ya juyo yana kallon mai kwatar. Gwaggo ko gezau.

"To kun gani? Da ba a hau an zuba ba, da kuna nan kuna zagin juna a banza."

Malam Iro daga sama ya ce, "Gwaggo, ai ruwanki ne!"

"Wannan kuma sabuwar rigima ce. Ku kawo ta gobe da safe, yau na tashi."

Ta gyara kwatar, ban ce ba ta gyara ba. Amma su biyun ta sa suka haƙa.

Yanzu ta zuci. Idan Gwaggo ta ce rigimarku ta zuci ce, ba za ta saurari ko ɗayanku ba. Tabarma ɗaya za ta shimfiɗa, ta ajiye faifai ɗaya a tsakiya, ta jawo buhun gyaɗa mai ɓawo, ta ce ku ɓare. Ba a tashi sai faifai ya cika. Ita kuma ta koma gefe ta ce ta kurmance, kar wanda ya yi mata magana. Na taɓa tambayar ta dalili, ta ce mutum in an zaunar da shi yana kallon idon abokin faɗansa, abin da zai rama kawai yake nema. Amma in idonsa na kan gyaɗa, hannunsa na aiki, har ya gaji, sai bakinsa ya saki abin da ke ciki ba tare da ya shirya ba. Ta haka ta shirya wata suruka da matar ɗanta da suka yi wata uku suna faɗa a kan gishirin miya, ashe ba gishiri ba ne, gaisuwar safe ce aka daina zuwa.

To amma mutane suna da ido. An lura da kaka, in buhunan gyaɗarta sun iso daga gonar Kufena, sai rigingimun unguwa duka su koma na zuci. Ko kaza aka sace, ta zuci ce. Malam Iro, da bai manta da hawan tsani ba, ya tare ta a ƙofar gida ya ce, "Gwaggo, anya ba leburori kike nema kyauta ba?"

Ta ce, "Iro, ni na ce su riƙa faɗa da kaka?"

Iri ɗaya ce kawai na san ba ta taɓawa. Tana da ƙawa Kirista a Wusasa, Mama Rahila, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, tun suna 'yan mata suke tare. Wata rana wani ɗan'uwanmu mai zafin kai ya ce mata, "Gwaggo, ke da kike raba rigima, me ya hana ki zaunar da ƙawarki ku tantance waye a kan gaskiya?" Ta ce, "Wannan ba ta cikin ukun. Mai ita Ya ce Shi zai raba ranar da Ya ga dama. Ni wace ce da zan kai igiyata wurin? Mu kunu muke sha, ta tambayi ƙafata, in tambayi jikokinta."

Duk wannan dariya nake yi, don a kan wasu take faɗawa. Sai ranar da ta zo kaina.

Bayan rasuwar mahaifinmu aka raba gida tsakanina da ƙanena Sani. Ni na dawo gida tun rasuwar mijina, ina sashin gabas. Sani, ma'aikacin gwamnati, yana sashin yamma da matarsa Hadiza da 'ya'yansu. Rijiya tana tsakiyar gida, ita muke sha tun muna yara. Sai aka fara. Na ce 'ya'yansa suna barin rijiya a buɗe. Ya ce ruwan wankina yana kwanciya a ƙofar ɗakinsa. Na ce, ya ce. Muka daina gaisawa. Wata safiya na fito na tarar an sauke bulo an jera a tsakar gida. Hadiza ta sunkuyar da kai ta gaya mini katanga za a ja, rijiya ta faɗa ɓangarensu, ni in riƙa saye wurin 'yan garuwa. Magini zai zo nan da mako uku, in ya gama wani aiki a Tudun Jukun.

Ko mayafi ban gyara ba na isa wurin Gwaggo. Ban bari ta yi tambayar ba.

"Ta hannu ce! Rijiya ce, ana taɓa ta. Ɗauko igiyarki mu je."

Ta ci gaba da murza ƙuli-ƙulinta. "Balaraba mai bakin barkono. In na auna rijiya ta faɗo ɓangarenki, gobe za ki gaishe shi?"

"In gaishe shi? Ni ce babba!"

"In shi ya gaishe ki, za ki amsa?"

Na kau da kai.

Ta ce, "Ki gaya masa ina neman ku ranar Asabar. Ku zo da yatsunku."

Ranar Asabar Sani ya zo da fayil a hammata, an goge kaftani kamar mai zuwa ofis. Ya durƙusa ya gaishe ta ya ce, "Gwaggo, abin nan ba ya buƙatar dogon zance. Ga takardar rabon gado. A karanta a ga inda iyaka ta bi. A tsarinki ma, ai ta kai ce."

Ta ce, "Kawo in gani, ɗan ofis."

Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta ɗaga jikinta kaɗan, ta sa fayil ɗin a kan kujerarta, ta zauna a kai.

"Ita ta ce ta hannu, kai ka ce ta kai. Ko a kan sunan rigimar ba ku shirya ba. Ga faifai nan."

Haka muka zauna, ni mai jikoki, shi mai furfura, muna ɓarar gyaɗa kamar yaran da aka hukunta. Daga hantsi har azahar ba wanda ya ce uffan. Ɓas, ɓas, ɓas, shi kaɗai ake ji. Faifai ya cika. Ta juye a ƙwarya ta ce, "Asabar."

Asabar ta biyu aka samu ci gaba. Sani ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "A miƙo kwanon ɓawo." Na ce, "Hannun mutum ya karye ne?" Daga can gefe kurmar nan ta ce, "Alhamdulillahi, an fara."

Da ya tafi na tsaya. Raina ya gama ɓaci. Na ce, "Gwaggo, ki ji tsoron Allah! Saura kwana tara magini ya zo. Kin sa mu a gaba muna yi miki aikin banza, ga yatsana ya kumbura. Tozo kin raba, indararo kin raba, ni 'yar ɗan'uwanki ce za ki bari a toshe mini rijiya? In ba za ki auna ba ki gaya mini, in tafi wurin mai unguwa, in ta kama kotu ma in je. Yanzu na iya karanta sammaci!"

Na zaci za ta zage ni. Sai ta tashi ta ɗauki sandarta ta ce in biyo ta. Muka shiga gidanmu, muka wuce bulon Sani, ta kai ni can baya inda tsohuwar katanga ta raba mu da gidan marigayi Baffa Garba, yayan mahaifinmu. A jikinta akwai shatin wata ƙofa da aka toshe. Tun ina yarinya nake ganin shatin, ban taɓa tambaya ba.

Ta dafa wurin ta ce, "Ni na gina wannan."

Na ce, "Ke kuma, Gwaggo?"

"Da igiyar nan. Ubanki da Garba shago ɗaya suke ɗinki. Suka fara rigima a kan keken ɗinki. Lokacin ina jin kaina, an fara cewa Dudu ta iya rabo. Na zo na auna. Na ba ɗaya keke, na ba ɗaya shago, na raba tsakar gida daidai wa daida. Kowa ya ce an yi adalci, har su biyun. Da yake ba sauran abin da ya haɗa su, sai suka toshe ƙofa. Ubanki bai sake shiga wurin Garba ba sai ranar da aka ɗauko gawar Garba."

Ta ɗan tsaya tana numfashi.

"Daga baya na ji asalin abin. Garba ne ya warware ɗinkin ubanki a gaban mai riga, ya sake da hannunsa, yana dariya. Shi ke nan. Keke ba ruwansa. Da na zaunar da su wuni ɗaya, da ƙofar nan tana nan. Ki je kotu in kina so, Balaraba, ba zan riƙe ki ba. Amma igiyata ba za ta sake gina katanga a gidan nan ba."

Ban taɓa ganin idonta ya kawo ruwa ba sai ranar. Har na fara jin kunya. Sai ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ki zo Asabar da wuri. Sabon buhu zan buɗe."

Kun ji fa! Ko tausayinta mutum ba zai ji ya gama ba.

Asabar ta uku, saura kwana biyu magini. Mun yi kusan rabin faifai, sai Sani ya gaji. Ya ce, "Gwaggo, don Allah ki tashi ki ba ni takardata. Takarda ce ta hukuma, kowa ya sa hannu a kai."

Wallahi ban shirya ba. Idona na kan gyaɗa, na ji bakina ya ce, "Kowa? Ni dangwalawa na yi."

Ya ce, "To ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne!"

Daga nan ban san sadda sauran ya zubo ba. Shekara biyu ina tafiya Tukur-Tukur ajin manya, a ƙasa, matan lungu suna yi mini dariya wai tsohuwa da jakar makaranta. Da aka sa ranar rabon gado, mako guda na yi ina koyon rubuta sunana a bayan kwali, don in sa hannu a takardar ubana kamar kowa. Ranar ta zo, ga malamai, ga dangi. Na miƙa hannu zan ɗauki biro, sai Sani ya janye shi ya turo mini tawada ya ce, "Yaya, dangwala kawai, kar a ɓata takarda." Aka yi 'yar dariya. Na dangwala. Na koma ɗaki na cusa kwalin a murhu.

Sani ya saki gyaɗar hannunsa. Ya ce, "Yaya, wallahi ban ma tuna na faɗi haka ba."

"Ni na tuna."

Sai ya ɗago da zafi. "To ke fa? Ranar da surukaina suka zo taya ni murnar ƙarin girma, me kika ce?"

"Gaskiya na faɗa."

"A gaban mahaifin Hadiza! Kika shigo falo ba wanda ya tambaye ki, kika ce, 'Wannan babban ma'aikacin da kuke gani, ni na wanke masa kashi har ya shekara biyar.' Har yau ƙannen Hadiza in sun gan ni sai su riƙa ɗaga yatsu biyar!"

Daga kan fayil kurma ta ce, "Huɗu da rabi ne."

Na so in riƙe fuska, na kasa. Dariya ta ƙwace mini har da hawaye, shi ma ta ƙwace masa. Da muka lafa na gaya masa ai ramuwar biro na yi. Ya ce shi kuma ramuwar wannan ce ta sa ya sayo bulo. Ashe abin haka ya jeru, biro ya jawo kashi, kashi ya jawo bulo, ita rijiya baiwar Allah tana zaune ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Ya ce, "Yaya, ki yafe mini. Ban san kin iya ba. Ban ma taɓa tambayar ki yadda karatun ke tafiya ba."

Na ce, "Na yafe. Maganar kashin kuwa gaskiya ce, amma bai kamata a gaban surukai ba."

Ya ce, "Wannan ce ban-haƙurin?"

Gwaggo ta ce, "Karɓi, ɗan ofis. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ba da wadda ta kai wannan ba."

Sai ta dafa gwiwa ta tashi daga kan fayil, wanda ya riga ya lanƙwashe ya ɗauki siffar kujera. Ta zaro igiya daga jaka ta ce, "To, yanzu ta zama ta hannu. Mu je."

Abin da muka yi wata biyar muna ja, bai ɗauke ta lokacin tafasar shayi ba. Rijiya ta tsaya a tsakiya, ta kowa. A sa mata murfi saboda yara. A yi mini dakalin wanki da kwata mai fita waje, kar ruwa ya je ƙofar Sani. Bulon da aka sayo don katanga, da shi aka ɗaga bakin rijiyar aka yi dakalin. Magini ya zo ranar Litinin da shirin aikin mako guda, ya gama kafin la'asar yana ƙunƙuni.

Sani ya rubuta yarjejeniyar a sabuwar takarda. Da ya gama ya juyo da ita gabana, ya cire murfin bironsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Na rubuta sunana da na ubana. Na daɗe ina yi, harafi ɗaya ma ya hau kan layi. Ya jira har na gama. Gwaggo ce shaida, ita ta dangwala, da yatsanta mai maiƙo. Takardar tana wurina, har yau ƙamshin ƙuli-ƙuli take yi.

Mun juya za mu shiga ɗakunanmu, sai muka ji ta ce, "Ina za ku? Faifai bai cika ba."

Muka koma muka cika shi.

Da daminar bara ta rasu, bayan jinyar kwana shida, Mama Rahila tana riƙe da hannunta ɗaya ina riƙe da ɗayan. Bayan sadakar uku muka shiga gyara ɗakinta ni da Sani. Ba ta bar wani abin kirki ba: tabarau mai ƙafa ɗaya, kwanuka, da jakar nan. Na zaro igiyar. Sani ya ce shi ya kamata ya ajiye, shi ne namiji a gida. Na ce ni ce babba, kuma ni ta kai gaban katanga ta gaya wa sirrinta. Ya ce, na ce. Murya ta fara hawa, har Hadiza ta leƙo.

Sai idonmu ya faɗa kan lungun ɗaki. Rabin buhun gyaɗa ne a jingine, ba a ɓare ba, faifai a kife a kansa.

Sani ya cire hula ya ajiye. Ya jawo tabarma, ya jawo buhun. Na zauna. Muka ɓare har la'asar. Igiyar yanzu tana rataye a ƙusa a bakin rijiya. Ba tawa ba ce, ba tasa ba ce.

Ya Allah, ga Dudu nan ta zo gare Ka. Ta sa mu gumi, ta cinye mana tozo, ta kumbura mana yatsu, mun yafe. Katanga ɗaya ta gina bisa kuskure, ta yi sauran rayuwarta tana hana a gina wata. Ka yafe mata waccan, Ka buɗe mata ƙofa a kabarinta, Ka haɗa ta da 'yan'uwanta biyu a tabarma ɗaya cikin Aljanna. Mu kuma da ta bari, Ka sa mu riƙa gane irin rigimarmu kafin mu sayo bulo. Amin.